BABI NA HUƊU: Jigon Asali a Cikin Littafin Shaihu Umar da Matsayin Ɗan Riƙo a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake riƙon yara a ƙasar Tambuwal da Kebbe, wato ƙananan hukumomi biyu da ke kudancin Jihar Sakkwato. A wannan babi kuwa za a ɗauki littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a auna shi da wannan al'ada, sa'an nan a auna al'adar da shi. Littafin yana cikin ƙagaggun labaran da suka samu a dalilin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East. An buga shi a 1934, lokacin da mawallafin yake malamin makaranta a Bauci, bai wuce shekara 22 da haihuwa ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Galibin waɗanda suka yi sharhi a kan littafin sun tsaya ne a kan jigon bauta da jigon haƙuri da ƙaddara. Ba a musun waɗannan. Sai dai wannan nazari yana ganin akwai wani jigo da ya riƙe su duka biyu, shi ne jigon asali. Tambayar da za a bi ita ce: wanda ya tashi a hannun wani, yana da haƙƙin sanin wanda ya haife shi? In kuwa yana da shi, a ina ake ajiye masa wannan sani har ya girma ya nema?

4.1 Tambayar da ta Buɗe Labari

Labarin ya fara ne a Rauta, wani ƙaramin gari kusa da Bauci, inda Shaihu Umar yake karantar da almajirai. Abin da ya tayar da labarin gaba ɗaya shi ne ɗaya daga cikin almajiran ya tambaye shi daga ina ya fito. Ya kamata a tsaya a kan wannan. Ga malami wanda ilminsa ya kai inda ya kai, mutane suna zuwa daga nesa domin su ɗauki karatu wurinsa, amma duk da haka ilmin bai rufe bakin masu tambaya ba. A ƙasar Hausa ana iya girmama baƙo, a ba shi masauki da limanci, amma ranar da maganar aure ko gado ta taso sai an koma ga tambayar ɗan wane ne. Mawallafin ya san haka, shi ya sa ya gina littafin duka a matsayin amsar tambaya guda.

Amsar da Shaihu ya bayar ita ce tarihin yaron da ya ratsa hannuwa da yawa. An haife shi a Kagara bayan mahaifinsa ya rasu, wato maraya ne tun yana ciki. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki, ya zama agola a gidansa. Fadawa suka ƙulla wa Makau makirci aka kore shi daga gari. Uwar ta tafi Fatika wurin iyayenta ta bar yaron amana, aka sace shi. Daga nan ya faɗa cikin harkar bayi har ya isa Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Idan aka lura za a ga cewa kusan kowane suna da Bahaushe yake kiran yaron da ba ya hannun ubansa, Umar ya amsa shi: maraya, agola, ɗan amana, ɗan tsintuwa, bawa, ɗan riƙo.

A nan ne wani abu na zubin littafin yake fitowa wanda ba a cika kula da shi ba. Shaihu Umar ne mai ba da labari da bakinsa, amma mafi yawan abin da ya faɗa game da farkon rayuwarsa ba abin da ya gani ba ne. Bai ga mahaifinsa ba. Bai san lokacin da aka raba gado ba. Yana ƙaramin yaro aka yi wa Makau sharri a fada. Wahalar da mahaifiyarsa ta sha kuwa, tun daga fitarta nemansa har aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa a ƙasar Larabawa, duk ta faru ne yana can wani wuri yana karatu. To, daga ina ya samo wannan bayani dalla-dalla? Mai karatu ba zai hango wata majiya da ta fi uwar ba, a wannan ɗan gajeren lokaci da Allah ya sada su kafin ta rasu. Ke nan ita ce littafin rajistar haihuwarsa. Da ajalinta ya riga isowarsa da mako ɗaya, da ranar da almajirin ya yi tambaya a Rauta babu abin da Shaihu zai ce face shi mutumin gidan Abdulkarim ne.

Wannan ne ya sa mutuwar uwar jim kaɗan bayan saduwarsu ba ta zama abin tausayi kawai ba. Wasu na iya ganin mawallafin ya yi gaggawar kawar da ita. Amma idan aka duba ta fuskar asali, ta riga ta sauke nauyin da labarin ya ɗora mata, wato ta miƙa wa ɗanta sunan garinsa da na ubansa da hanyar da zai bi ya koma.

4.2 Abdulkarim a Matsayin Mai Riƙo

Abdulkarim shi ne mutumin da ya fi wuyar yanke wa hukunci a littafin. Ta wata fuska ya yi abin da ake so mai riƙo ya yi. Ya ciyar, ya tufatar, ya ilmantar, bai nuna wa yaron bambanci ba. Haka kuma lokacin da begen uwa ya taso wa Umar bayan wani mafarki da ya yi, bai tare masa hanya ba, tare ma suka kama tafiya. Ko a yau ba kowane mai riƙo ne zai iya wannan ba, domin da yawa suna ɗaukar neman iyaye na jini a matsayin butulci.

Ta ɗaya fuskar kuwa, ta hanyar cinikin mutane yaron ya zo hannunsa, kuma shekarun da aka kwashe ana renonsa su ne shekarun da uwarsa ta kwashe tana bulayi. Alherin da aka yi wa ɗan, da hawayen uwar aka biya shi. Rauni mafi girma da wannan nazari ya gani a littafin shi ne mawallafin bai bar tauraronsa ya auna wannan ba. Shaihu Umar yana ba da labarin rabuwarsa da uwarsa cikin natsuwar malamin da ya sallama wa ƙaddara, ba ya tuhumar kowa. Natsuwar ta dace da halin da aka ba shi, amma ta rage wa labarin wani zafi da ya cancanta. Mai karatu ne aka bar wa aikin ya tambayi abin da Shaihu bai tambaya ba, wato me ya hana a nemi dangin yaron tun yana Kano, alhali Kagara da Fatika ba bayan duniya suke ba?

Kada a ɗauka wannan tambaya ta mutu tare da cinikin bayi. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Jihar Kano suka sanar da ceto yara 9 da aka sace daga Kano aka kai su Onica ta Jihar Anambara aka sayar, aka canza musu sunaye. Wanda ya karanta Shaihu Umar ba zai ji wannan labari a matsayin baƙo ba.

4.3 Inda Bahaushe ke Ajiye Asali

Idan aka dawo ƙasar Tambuwal da Kebbe, riƙon da aka saba da shi ba na ɓoye ba ne. Ana kai yaro yaye gidan kaka ya zarce da zama. Ana ba gwaggo ko inna wadda Allah bai ba haihuwa ba ɗiya ta riƙe. Ɗan fari, saboda kunyar da iyaye ke yi masa, sau da yawa a hannun kakanni yake tashi. Amarya takan tafi da ƙanwarta ko ɗiyar yayarta ta taya ta zaman ɗaki, wani lokaci har a aurar da yarinyar daga can. A duk waɗannan yaro yana iya kiran mai riƙonsa baba ko inna, amma unguwa duka ta san ɗan wane ne, shi ma kuma ba ya daɗewa bai sani ba, ko da daga bakin abokan wasa ne.

Asalin mutum a nan a bakin mutane yake ajiye. Ungozoma ta san ɗakin da aka haife shi da inda aka binne mabiyiyarsa. Limamin da ya raɗa suna ran bakwai ya ambaci sunan uban a gaban jama'a. Wanzami ya yi aski, a da kuma ya yi tsagar gado, wadda ke nuna ko yaron Bakabe ne ko Bazamfare ko Bagobiri. A zamanin hare-hare irin wanda littafin ya siffanta, tsaga shaida ce wadda ɓarawo ba ya iya gogewa. Ana iya canza wa yaro suna da harshe, ba a iya canza masa fuska.

Sai dai wannan ma'ajiya tana da aibu iri ɗaya da na mahaifiyar Shaihu Umar, wato tana mutuwa. Muddin dangi suna wuri guda, a Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna ko Kuchi, in tsohuwa ɗaya ta rasu akwai wata da ta sani. Amma yau mutane sun watsu. Ana kai ɗan riƙo Sakkwato ko Legas ko Abuja ya tashi inda babu wanda ya halarci sunansa. Ga kuma rashin tsaro da ya tashi wasu ƙauyukan jihar a shekarun nan, ya raba iyalai. Tsagar ma ta ja baya ƙwarai, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro ita. Ba a cewa a koma wa aska. Abin lura dai shi ne tsofaffin shaidu suna ƙarewa, saboda haka dole a dubi abin da ya maye gurbinsu.

Akwai kuma yaran da tun farko al'ada ba ta ajiye musu komai ba, wato jaririn da aka tsinta a bakin masallaci ko tasha, da wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba aka miƙa wa wata 'yar'uwa a asirce domin a rufa wa gida asiri. Masu iya magana kan ce tsintacciyar mage ba ta mage, kuma wannan karin magana kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da ake yi musu. Mai riƙon irin wannan yaro yakan ɓoye masa gaskiya don tausayi. Amma irin wannan asiri ba ya tashi tonuwa sai a ranar da ta fi kowace muni: ranar da dangin yarinyar da yake nema suka aiko binciken asali, ko ranar rabon gado, inda wanda ya yi shekara 30 yana ɗaukar kansa ɗan gida zai ji alƙali ya tsallake sunansa.

4.4 Shari'a da Doka

Musulunci, wanda shi ne addinin mafi yawan mutanen wannan yanki, ya raba abu biyu da wasu al'ummu suka haɗa. Ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya, amma ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab sun yi umurni a kira irin waɗannan yara da sunan iyayensu maza, in kuwa ba a san iyayen ba a ɗauke su 'yan'uwa a addini. A kan haka ne Zaidu, wanda Annabi (SAW) ya riƙa, ya koma amsa sunan mahaifinsa Harisa. A mazhabar Malikiyya ɗaukar jaririn da aka yar farilla ce a kan jama'a wadda in wani ya yi ta sauka daga kan saura, yaron ɗa ne ba bawa ba, kuma ba a danganta shi ga wanda ya tsince shi ko wani dabam sai da hujja. Ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa, amma ana iya yi masa kyauta da rai, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Hukunce-hukunce da yawa sun rataya a kan sanin asali. Uba na jini shi ne waliyyin farko na budurwa. Haramcin aure tsakanin 'yan'uwa ba ya aiki sai an san su wane ne 'yan'uwan. Daɗin daɗawa ga maganar shayarwa, wadda a Malikiyya ko kaɗan nono ya shiga cikin yaro a cikin shekaru biyun farko ya haramta aure tsakaninsa da 'ya'yan wadda ta shayar da shi. Wanda aka ɓoye wa asalinsa an bar shi ke nan yana tafiya cikin duhu a kan abubuwan da za a tambaye shi. A zamanin nan likita ma yakan tambayi cututtukan da ke bin dangi, irin su amosanin jini.

Dokar boko kuwa ta zo da takarda. Doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ce a sashe na 7 a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, kuma yana da haƙƙin sanin iyayensa gwargwadon iko. Sashe na 20 ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta. Dokar Tarayya ta 2003 ita ce ta zama abin koyi ga dokokin jihohi, Jihar Sakkwato kuma ta sami tata dokar kare yara a 2021, lokacin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal.

Inda wannan nazari yake da ja shi ne tsarin da dokar 2003 ta bi game da yaron da kotu ta mallaka wa wasu iyaye. Ta tanadi rajista ta musamman domin irin waɗannan yara, amma bayanin da ke haɗa sabon suna da rajistar haihuwa ta asali ba a buɗe shi ga kowa sai da umurnin kotu. Wannan tsari aro ne daga Ingila, inda aka fara irin wannan rajista da dokar 1926. Abin mamaki, masu abin sun daɗe da sassauta shi. Tun dokar 1975 wanda aka riƙa a Ingila yana da ikon karɓar takardar haihuwarsa ta asali in ya cika shekara 18. Jihar New York ta Amurka ta buɗe nata a 2020, ƙasar Ayalan kuma a 2022, bayan doguwar gwagwarmayar mutanen da suka tsufa ba su san sunan iyayensu mata ba. Hujjar masu son a rufe ita ce kare sirrin uwar da ta haihu cikin halin kunya, kuma hujja ce mai nauyi, balle a ƙasar Hausa inda irin wannan tonon asiri ke iya kashe aure. Amma rufa wa uwa asiri daga idon jama'a dabam, rufe wa ɗa sunan uwarsa dabam. Ana iya yin na farko ba tare da na biyu ba.

Sai dai gaskiyar magana, ɗan riƙo a Tambuwal ko Kebbe da wuya ya bi ta kotu, saboda haka ba wannan rajista ce ta fi yi masa illa ba. Illar tana shigowa ne ta ƙofar da ba a zato, wato ranar sa shi makaranta. Mai riƙo ne ke kai shi. Malami ya tambayi sunan uba, mai riƙo ya faɗi nasa, ko don sauƙi ko don kada yaron ya ji ya bambanta da sauran 'ya'yan gida. Wannan suna shi zai bi shi zuwa takardar firamare, da ta sakandare, da katin ɗan ƙasa. In ba a yi masa rajistar haihuwa ba tun farko, sai a je kotu a yi takardar rantsuwar shekaru, ita ma a kan sunan da ke takardun makaranta. Da haka alƙalami ya aikata abin da Suratul Ahzab ta hana, ba tare da kowa ya yi niyya ba. A da, al'adar sa sunan gari a madadin sunan uba ta kauce wa wannan matsala ko da ba don ita aka yi ba. Mawallafin littafin kansa sunan garinsu yake amsawa, haka Shehu Shagari, haka gwamnan da aka ambata a sama. Sunan gari bai faɗi uban ba, amma bai yi masa ƙarya ba, kuma ya nuna inda za a je a tambaya.

Shaihu Umar ya ƙetare hamada kafin ya kai ga mutum ɗaya tak da ke riƙe da labarinsa, ya kuwa same ta da sauran numfashi. Ɗan riƙon yau bai kamata a bar shi ga irin wannan sa'a ba, tun da abin da ake bukata kaɗan ne. Rajistar shiga makaranta galibi gurbi ɗaya take bayarwa, inda ake rubuta uba ko mai riƙo ba tare da an bambanta su ba. Da za a raba gurbin biyu, a rubuta mahaifi da garinsa a ɗaya, mai riƙo a ɗayan, da an rage ɓarnar. Jaririn da aka tsinta kuwa, wanda ba shi da uban da za a rubuta, yana da abin da za a ajiye masa: rana da wurin da aka same shi, zanen da aka naɗe shi da shi, wanda ya fara ɗaukarsa, da mai unguwar da aka kai wa rahoto. Kwafi ɗaya ya zauna wurin hakimi, ɗaya a ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, a kuma rubuta a jikinsa cewa mai shi yana da ikon karɓa da kansa ranar da ya balaga.